Yayana da Ya Raka Jirgi Har Kano

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya ya tafi ana tsakiyar cirar gyaɗa, da hantsi, ina tallafe da kansa. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Jama'ar da ta taru, sai wanda ya gani. Daga Limawa aka zo, daga Kiyawa aka zo, har da waɗanda ban taɓa sanin ya san su ba. Tsofaffin 'yan jaki, abokan tafiyarsa, suka jeru a gindin tsamiyar ƙofar gida, kowa ya dafa sandarsa. Wata makauniya daga Buji, da jikarta ta jawo, ta zauna a tsakar gida ta ce, "To ni yau in na tashi tafiya, wa zai taka mini?" Nan mata suka fashe da kuka, har da waɗanda suka daure tun safe.

Amma ni kunnena biyu ne, kuma duka suna aiki. Zana ce kawai tsakanina da maza. Na ji wani ya ce, "Allah ya jiƙan mai raka jirgi," sai dariya ta biyo baya ƙasa-ƙasa. Ba ta mugunta ba ce, na sani. A ɗaki kuma mata na raɗa, suna zaton tsufa ya toshe ni:

"Ɗan nasa fa? Ban ga kowa ba."

"An ce an aika ta hannun wani mai shanu da zai je tasha."

"Hm. Wanda bai zo uban na da rai ba?"

Ni ce ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni kaɗai na rage. Ban iya riƙe alƙalami ba, amma Allah ya ba ni baki da riƙon magana, ba wanda zai ce ya fi ni a garin nan. Shi ya sa na sa aka zauna aka rubuta. Ba zan yarda Yaya ya tafi ya bar dariya kawai a bayansa ba. Abin da ya kai shi cikin jirgin nan, ɗansa ne. Abin da ya kwanta da shi a zuci har ya cika, ɗansa ne.

Mu asalinmu masu shanu ne. Annoba ta share garken mahaifinmu muna yara, muka zauna nan kusa da Kiyawa, Yaya ya kama noma da jakuna. Shanu sun tafi, amma kunyarmu ba ta bi su ba. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ya ɗaukarsa, ba ya kallonsa ido da ido, ba ya yi masa magana sai ta bakin wani. Da aka yaye yaron, ni aka miƙo wa, tun da Allah bai ba ni nawa ba. Uwarsa ba ta daɗe ba ta rasu, Yaya kuma bai sake samun namiji ba. In zai yi zancensa sai ya ce, "Ɗan naki ya ci abinci?" Ko yaron na tsaye a gabansa, haka zai ce. Amma na sha kama shi yana tsinke kan mafi kyawun rogon da ya gasa, ya tura gefen tabarmata, ya tashi ya fita kamar mantuwa ya yi.

Halin da kowa ya san shi da shi kuwa, rakiya. Ba mai fita daga gidansa shi kaɗai. Yakan ce, "Ba a barin mutum ya fita kamar an kore shi." Mai tallan daddawa ma sai ya taka mata zuwa bakin rijiya. Kuma ba ya juyowa sai baƙo ya ce, "To, a koma haka nan, na gode." In baƙo ya shagala da hira ya manta, wallahi sai su kai garin gaba. Wata rana dogari ya zo karɓar haraji, ya zazzage mana rashin mutunci a gaban mata. Da zai tafi, sai ga Yaya ya zura takalmi. Na ce, "Yaya, har wannan?" Ya ce, "Da sallama ya shigo dai." Kwana biyu ban yi masa magana ba, shi kuwa ko a jikinsa.

Jirgin ƙasa, a bakinsa na fara jin labarinsa. Lokacin nan layin dogo ya tsaya ne a Kano, can suke kai gyaɗa a bayan jakuna, su dawo ƙafafu duk kaushi. Ya ce mana, "Unguwa guda ce aka ɗaure da sarƙa, wani baƙin abu mai tari yana janta." Muka yi ta dariya, muka ce rana ta taɓa shi a hanya.

Sai Turawa suka ce za a ja dogo gabas, ta Ringim har Nguru. Shi ne zamanin diga. Aka ce kowane gida ya ba da namiji guda. Da dagaci ya aiko, Yaya ya fara naɗe tabarmarsa. Ɗana ya zo ya tsuguna a gabana ya ce, "Gwaggo, a ce masa ya ajiye." Ya ɗauki tasa ya tafi. Rani guda ya yi yana sarar ƙasa, yana ɗaukar kwangiri, ƙarfen dogo, a kafaɗa. Ya dawo tafin hannunsa kamar bayan kada, amma idonsa ya sake. Ba ya zancen yunwar da suka sha, ba ya zancen bulalar heluma, shugaban leburori. Zancensa guda, injin. An taɓa ɗora shi a kai ya miƙa gawayi, shi ke nan abin ya shige shi.

Ruwan shuka ya sauka, shi kuma ya ce zai koma. Ranar nan mu uku ne a tsakar gida, ni a tsakiya, kowannensu ya kafe ni da ido.

"Ki gaya wa ɗan naki, wancan karon dole aka yi mana. Wannan kuwa ganin dama ne."

"Gwaggo, a gaya masa ba gudun fartanya nake ba. An ce za a koya mini aikin injin."

"Ki tambaye shi, ranar da na kwanta wa zai shiga gonar?"

"Gwaggo, a ce masa zan riƙa zuwa."

"Ki ce masa ƙarfe ba ya sakin mutum ranar da ya so."

Na ce, "Kai, ku ji min mutane! Ga kunnuwanku a buɗe, ni kuka mayar kakaki?"

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce, "Ki gaya masa in ya fita, ƙafata ba za ta taka bayansa ba."

Da gari ya waye ni na raka shi bakin rijiya. Yaya na zaure, ya juya wa ƙofa baya, yana ɗinkin akumarin jaki. Mutumin da ya raka dogari! Yaron ya tsaya a bakin zaure, ya jima, ya ce, "Na tafi." Allura ce kawai ke shiga tana fita. Da na dawo na tarar ya haɗa akumarin da bakin rigarsa ya ɗinke, bai sani ba. Ni na sa wuƙa na farke.

Aka gama dogo, tasha ta buɗe a Ringim, jakuna suka huta da hanyar Kano. Sai dai a haye kogi a kai kaya can. Nakan bi Yaya da man shanu da fura, don tasha kasuwa ce mai zaman kanta. Akwai jirgin kaya, wanda ke kwasar gyaɗa da fatu ba ya kula kowa. Akwai na mutane, da ranakunsa sanannu. Akwai kuma wanda ake haɗawa, taragun shanu da na buhuna a gaba, na mutane a baya. A na mutanen ma ba a cuɗa kowa da kowa: na Turawa daban da labulensa, na akawuna daban, sai namu mai bencin katako, inda mai goro da mai kaza da mai jego ke zama a kan juna. In ya tsaya, mai tuta ya fito, injin ya wuce can gaba wajen tankin ruwa ya sha, 'yan talla su yi ca a tagogi. Kafin ka ƙare cinikin ludayi biyu an busa usur.

In Yaya ya sauke kaya, abokansa su tafi cin tsire, shi sai ya je ƙarshen tasha ya tsaya, hannu a baya. In na tambaya ya ce ƙarfen yake kallo. Ƙarfe! Fuskokin da ke kan injin yake bi ɗaya-ɗaya. Bai taɓa tambayar kowa ba. Ni ke tambaya, a ce mini yana Kano, a ce yana Zariya, a ce an gan shi a hanyar Ikko. In na dawo na ba da labari da ƙarfi, kamar da jaki nake magana, Yaya ya yi kamar yana gyara igiya.

To, ga ranar da suke wa dariya.

Jirgin haɗi ne ya iso daga Nguru. Ina tsakiyar 'yan talla, ban ga komai ba. Yaya ne ya gani. Can a kan injin, wani ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ɗora ɗayar a kan gwiwa, ya gicciya shebur a kafaɗa ya rataya hannuwa, yadda mahaifinmu ke tsayawa a bayan shanu. Fuska baƙa ƙirin da gawayi, amma wa zai ɓoye wa uba wannan tsayuwar? Da wani ne, suna ɗaya zai kwaɗa, yaro ya waiwayo, magana ta ƙare. Yaya ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ya waiga nemana, mutane sun rufe ni. Ya kutsa cikin buhuna da masu dako, kafin ya kai rabi aka busa usur.

Abin da na gani da idona shi ne tsoho yana tafiya a gefen jirgi, sai sauri, sai gudu, rawani na warwarewa. Ya cafki ƙarfen taragun ƙarshe, wasu suka ja shi ciki. Ya leƙo ya ɗaga murya:

"Ki kula da jakuna! Zan ɗan taka wa ɗan naki ne in dawo!"

Ku da kuka taso kuka tarar da jirgi, ba za ku gane ba. A wajenmu ayari in ya fita gari, yakan tsaya a bayan gari, 'yan rakiya su matso, a yi addu'a, a sallami juna. Haka aka yi tun kakanni. Yaya ya ɗauka jirgi ma yana da wannan mutuncin. Niyyarsa, in an tsaya a bayan gari ya taka zuwa gaba, ya tsaya inda yaron zai gan shi, a shafa fatiha. Gidajen Ringim suka ƙare, gonaki suka ƙare, abu sai ƙara wuta yake. Ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Malam, ba a tsayawa ne a sallami 'yan rakiya?"

Ana cikin dariyar wannan sai ga mai duba tikiti.

"Tsoho, ina naka?"

"Ni ba matafiyi ba ne. Ɗan rakiya ne."

Wannan maganar ce ta zaga duniya. Iyakar abin da 'yan gindin tsamiya suka sani ke nan. Sauran labarin ni kaɗai ya gaya wa.

Wani mai goro, mutumin Kano, Allah ya saka masa, shi ya tsaya masa wajen mai tikiti. Ya ja shi gefe ya ji dalili. Ya ce, "Baba, abu mai sauƙi. Faɗa mini sunansa, in an tsaya ni zan kwala masa kira, murya gare ni."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Na fari ne."

Mai goro ya ce, "To, sai dai ƙafa. Duk inda aka tsaya ka sauka ka yi gaba, in ka ji usur ka faɗa taragun da ke kusa da kai."

Haka ya yi. A Dabi ya sauka ya ruga, usur ya same shi daidai taragun akawuna, ya faɗa, suka yi masa tsawa da Turanci, ya tsuguna a bakin ƙofa yana ba su haƙuri. A Zakirai ya ƙara gaba, takalmi ɗaya ya faɗi tsakanin ƙarafa, bai tsaya ba. A Jogana ya kai taragun shanu. Mai rakiyar shanun ya miƙo masa hannu ya haye. Ya ce mini duk tafiyar nan a nan kaɗai hankalinsa ya kwanta: shanu sun firgita suna ta turereniya, ya dinga shafa su yana yi musu magana da 'yar Fillancin da ta rage masa, suka lafa. Daga nan yana jiyo ƙarar shebur a cikin gawayi. Ya ce, "Na san hannunsa ne. Haka yake sara a gona, biyu da sauri, ɗaya a hankali."

A Kano ya sauka, ƙafa ɗaya ba takalmi, riga duk kashin shanu, ya taka har gindin injin. Yaron ya sauko da guga a hannu, suka yi kiciɓis. Ya saki gugan, ya zube ƙasa ya tsuguna, kai a sunkuye. Yaya ya kau da ido ya kalli injin. Ga direba, ga leburori, kowa na kallo. Duk maganar da ya tara tun daga Ringim ta gudu. Abin da ya fito, kamar saniya yake tambaya, shi ne:

"Ana ba ta ruwa dai?"

"Ana ba ta."

"To. Madalla."

"Gwaggo tana lafiya?"

"Tana lafiya."

Sai direba ya daka tsawa, wai za a kai injin rumfarsa. Yaron ya ɗan jira, ko akwai saura. Babu. Ya tashi ya haye. Yaya ya tsaya yana kallo har hayaƙi ya shige bayan gine-gine.

Ni kuwa ina Ringim da jakuna, na ɗaure su, na ci da su, ko igiya ba ta ɓata ba. Da jirgin gabas ya dawo da shi, na tanadi faɗan da zan yi masa, amma da na ga fuskarsa na haɗiye. Sai a bakin kogi, muna jiran fito, ya ba ni labarin. Da ya ƙare ya ce, "Bai ce in koma ba."

"Yaya, ka gaya masa rakiya ka yi?"

"A gaban mutane?"

"To ta ina zai sani?"

Ya tsinki ciyawa yana murzawa.

'Yan jaki suka kawo labarin gida kafin mu. Yara suka riƙa bin sa, "Baffa, yau ba rakiya?" Shi ma ya taya su dariya, ya fi son a ce wauta ce da a ce ɗa ya bi. Yaron yakan aiko: turmin atamfa nawa, farar riga tasa. Rigunan nan Yaya bai taɓa sa ko ɗaya ba, bai kuma yarda a ba kowa ba. Na aika sau da yawa cewa ya zo, a dawo mini da amsa cewa ba a ba shi hutu ba. Na san ba hutu ba ne kaɗai. Maganar da Yaya ya yi a tsakar gida ce ke tsaye a kunnensa. Da ƙafafun Yaya suka gaza, ya daina zuwa tasha, amma duk wanda ya dawo daga Ringim sai ya tambaye shi, "Jirgi ya zo a kan lokaci?" Da ciwo ya kwantar da shi, tambayar ta koma ɗaya, safe da yamma: "Ɗan naki bai zo ba?"

Ya zo. Bayan an yi sadakar uku ya iso, a ƙafa tun daga Ringim, da la'asar. Na ji hirar gindin tsamiya ta yanke kamar an sa wuƙa. Sai ga mutum ya shigo, furfura a gemu, kunne ɗaya ya mutu da ƙarar injin, gawayi ya zauna a layukan hannunsa ba ya fita. Yaron da na goya! Ya tsuguna nesa da ni. Na kori matan ɗakin.

"Gwaggo, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Matso, ba na son ɗaga murya."

Ya matso, ya juyo mini kunnen da ke ji.

"Gwaggo, ya tafi da fushina?"

"Ranar da ka gan shi a Kano, me ka ɗauka ya kai shi?"

"Na ce ko gyaɗa ya kai, ya biyo ta tasha."

"Da wane jakin? Jakunan suna hannuna a Ringim."

Na ba shi labarin tun daga usur ɗin farko, tasha bayan tasha. Da na zo kan taragun shanu ya rufe fuska da hannuwa. Ya ce, "Na ji warin shanu a jikinsa. Na ga ba takalmi. Na yi ta tunani, shekara da shekaru, ban gane ba." Ya fashe da kuka. Na bar shi ya yi mai isarsa.

Sannan na ce, "Share idonka, akwai saƙon da ya fi wannan. Safiyar da zai cika, na kawo masa kunu ya kau da kai. Ya dubi ƙofa. Na zaci zai ce ɗan naki, yadda ya saba. Sai ya kira sunanka."

Ya ɗago. "Sunana?"

"Ba wanda muke kiranka da shi a gida ba. Na yanka."

"Da bakinsa, Gwaggo?"

"Da bakinsa, ina tallafe da shi. A fili ya faɗa, ba raɗa ba, kamar kana bayan zana zai aike ka. Daga nan sai kalmar shahada."

Ya ce, "Ban taɓa jin yadda yake a bakinsa ba."

Na ce, "Ka taɓa ji, ba ka da wayo ne. Ranar da aka haife ka ina tsaye a bakin ƙofa. Ya kori kowa, ya ɗauka ba mai ganinsa, ya sunkuya ya yi maka huɗuba a kunne. Sau biyu ke nan ya faɗi sunan nan a duniya, kuma duka biyun ni ce shaida."

Sai ya juyo kunnen nan sosai, har yana taɓa kafaɗata, ya ce, "Gwaggo, faɗa mini yadda ya faɗa."

Na gyara murya, na yi ƙasa da ita yadda ta Yaya take, na kira shi.

Ya ce, "Na'am, Baba."

Ya Allah, bawanka ne, ɗan baiwarka. Bai taɓa barin baƙo ya fita a wulaƙance ba, kada ka bar shi shi kaɗai a inda yake. Ka yalwata masa kabari, ka yafe masa abin da kunya ta hana shi faɗa, ka haɗa shi da ɗansa a inda ba mai tashi ya tafi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.